FILIN NA'URA: Sunan da ke bisa rumbun kwamfuta ba lalle ne na maƙerinsa ba

 A wannan wata tsofaffin kaya za mu taɓo, dalili kuwa shi ne wani al'amari da ya zo gabana kwanakin baya, wanda na ga ya kamata kowa ya ji, musamman waɗanda ke da tsohuwar kwamfuta ajiye a ƙarƙashin gado ko a bayan kanti, suna cewa wata rana za a buɗe ta.

Wani saurayi ne ya same ni da yamma riƙe da jakar leda. Bayan mun gaisa sai ya zazzage ta a gabana, sai ga rumbunan kwamfuta guda huɗu, watau ɗan akwatin ƙarfen nan da masu gyara ke ce wa had-dis, inda kwamfuta ke ajiye duk abin da aka rubuta mata. Ya ce, "Kawu, ɗaya na marigayi Baba ne, ukun kuwa sayo su na yi, amma duk a banza." Ashe mahaifinsa ɗan kasuwa ne, wajen shekarar 1997 ya sayi kwamfuta ta hannu yana rubuta lissafinsa a ciki, da waɗanda yake bi da waɗanda ke bin sa, har da wasiƙun wani fili da magada ke jayayya da maƙwabta a kansa yanzu. Ran da suka kunna ta bayan shekaru, wuta ta zo da ƙarfi, suka ji ƙauri, shi ke nan ta yi shiru. Mai gyara ya duba ya ce bisa ga alama faya-fayan ciki ba abin da ya same su, allon wutar da ke manne a ƙarƙashin rumbun ne ya ƙone, sai a nemo irinsa a musanya.

Yaro ya shiga Sakul, ya bi 'yan gwangwan lungu-lungu, har ya tara rumbuna uku masu ɗauke da sunan kamfanin da ya yi kwamfutar mahaifinsa, girmansu kuma ɗaya, megabayit 420. Amma ko ɗaya allonsa bai hau ba. Wani ramukan kusoshinsa a wani wuri suke dabam, wani kuwa bakin da ke haɗa allo da cikin rumbu yana ɗaya gefen. Da na birkice su na duba, sai na ce masa, "Ɗana, suna ɗaya ka saya, amma maƙera uku ne a nan." Na mahaifinsa kamfanin Conner ne ya ƙera, biyu na Western Digital ne, ɗaya kuma na Quantum. Babban sunan da ya bi, na wanda ya harhaɗa kwamfutar ne kawai, shi ma sayowa ya yi ya manna takardarsa a kai.

To, yaya aka yi haka ta kasance? Sai mun ɗan koma baya. Kamfanin IBM ne ya fara fito da rumbu a Amurka cikin 1956, mai faya-fayai 50, kowane ɗaya faɗinsa inci 24, nauyinsa ya kai tan guda, abin da yake ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne kacal. A 1980 kamfanin Seagate ya fito da ST-506, mai megabayit 5, wanda zai iya shiga ƙaramar kwamfuta ta bisa tebur. Daga nan kasuwa ta buɗe, kowa ya shigo. Kamfanonin da suka taɓa ƙera rumbu sun haura 200, amma yau uku suka rage, watau Seagate da Western Digital da Toshiba. Sauran wasu sun karye, wasu kuwa manya ne suka haɗiye su.

Tun a wancan zamani yawancin masu yin kwamfuta ba su ƙera rumbu da kansu. Compaq da Dell saye suke yi. A shekarar 1987 kusan kashi 90 cikin 100 na abin da Conner ya ƙera, Compaq ne ya kwashe, domin da ma da kuɗinsa a ciki. Apple, a yawancin kwamfutocinsa na Macintosh, rumbunan Quantum da Conner da IBM da wasunsu yake sawa, ya liƙa musu ɗan tambarinsa. Kamfanin DEC ma ya fi kowa rikita mutane, don shi sabon suna yake raɗa wa kayan da ya sayo: abin da ya kira RD31, Seagate ST-225 ne, RD54 kuwa Maxtor XT-2190 ne. Shi kansa IBM da ya ƙago abin, lokacin da ya fito da kwamfutar XT a 1983, rumbunan waje ya sa mata, cikinsu har da ST-412 na Seagate. Kuma babban kamfani ba ya yarda ya dogara da maƙeri ɗaya, kada ran da wancan ya gaza aiki ya tsaya. Saboda haka kwamfuta biyu iri ɗaya, waɗanda suka fito wata ɗaya, kana iya buɗe su ka tarar da rumbuna na gida biyu. Wannan shi ne ramin da saurayin nan ya faɗa.

Akwai kuma rikicin gado. In kamfani ya sayi wani, ba ya zubar da kayan da ya tarar, suna yake sake musu ya ci gaba da sayarwa. Seagate ya sayi Imprimis, sashen rumbuna na Control Data, a 1989, shi ya sa za ka ga wani tsohon rumbu da lambobi biyu, ɗaya ta fara da ST, ɗaya kuma da 94. Western Digital da fari allunan sarrafa rumbu yake yi, sai da ya sayi masana'antar Tandon a 1988 sa'an nan ya shiga ƙira sosai. Maxtor ya kwashi abin da ya rage na MiniScribe a 1990. Quantum ya karɓi sashen ajiya na DEC a 1994. Seagate ya haɗe da Conner a 1996, ya kuma ci gaba da sayar da wasu rumbunan Conner da lambar ST. Sa'an nan Maxtor ya sayi sashen rumbuna na Quantum a 2001, har rumbun nan D740X da ya fito da sunan Maxtor ƙirar mutanen Quantum ce. Hitachi ya karɓi na IBM a 2003, Seagate ya haɗiye Maxtor a 2006, Toshiba ya ɗauki na Fujitsu a 2009, Seagate ya ƙara da na Samsung a 2011, Western Digital kuma ya sayi na Hitachi a 2012. Duk wanda ya riƙe wannan salsala a ka, rabin aikin ya ƙare masa.

Tun da na ambaci MiniScribe, bari in ɗan ratse. Wannan kamfani na garin Longmont ne a jihar Kolorado. A 1987, da manyansa suka ga kayan da ke sito ba su kai abin da suka rubuta a littafi ba, sai suka sayo bulo 26,000 suka naɗe cikin kwalaye, aka ƙidaya su a matsayin rumbuna. Asiri ya tonu a 1989, kamfani ya karye a farkon 1990, shugabansa Q. T. Wiles kuma kotu ta same shi da laifi a 1994. Ka ji inda takardar bisa kwali ta yi ƙarya mai lasisi.

Mu koma kan aikinmu. In rumbu ya zo hannunka kana son sanin asalinsa, kada ka tsaya ga rubutun da ya fi girma. A da, in baƙo ya sauka zango, ba rigarsa dattawa ke dubawa ba, tsagar fuskarsa suke kallo su faɗi garinsu. Tsagar rumbu ita ce lambar samfurinsa, kuma sau da yawa tana nan da ƙananan haruffa a wani gefe, ko kuwa ƙarƙashin takardar da aka manna daga baya. In ka haska tocila a karkace kana iya hango ta ba sai ka ɓare ba. ST na Seagate ne. CP da CFS da CFA na Conner ne. AC, ko WDAC, na Western Digital ne cikin jerin Caviar. MK na Toshiba ne, DK na tsohon Hitachi, haruffa huɗu masu farawa da D kamar DTLA da DJNA na IBM ne, SV da SP kuwa na Samsung. Quantum shi sunaye ya fi so, irin su ProDrive da Fireball da Bigfoot.

Lambobin ma magana suke yi ga wanda ya iya ji. Ɗauki ST3144A. Lamba 3 ta farko tana nufin rumbu ne mai inci uku da rabi, 144 shi ne girmansa kafin a tsara shi, harafin A kuma yana nuna irin bakin wayarsa, watau IDE. Da N ce a wurin, da SCSI ke nan. Bayan an tsara shi megabayit 130 ke samuwa, saboda haka wanda ya sayar maka da shi a kan 144 ya ɗan ƙara gishiri. A wajen Western Digital, AC2540 na nufin faifai 2, megabayit 540.

Sai dai a yi hattara, don tsaga ma takan yi kama da juna. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwo. Wani rumbu ya zo mini da lamba WDA-L42, ina ganin WD na rantse na Western Digital ne, na kwana ina neman tsarinsa a littafinsu ban samu ba. Ashe na IBM ne, ƙirar masana'antarsu ta Japan, su ma suna da jeri masu farawa da WDA da WDL da WDS. Haka kuma in ka ga rumbu da sunan Maxtor amma lambarsa ta fara da STM, to ɗan gidan Seagate ne aka sa wa rigar Maxtor bayan 2006. Akwai ma wanda ke ɗauke da suna biyu a takarda ɗaya: ST1000LM024, wanda ke cikin kwamfutocin cinya da yawa da ake shigo da su ta Tema, a jikinsa za ka ga HN-M101MBB, lambarsa ta gidan Samsung inda aka haife shi. Rumbunan Toshiba na jerin DT01ACA kuwa ƙirar Hitachi ce, ta zo hannun Toshiba a 2012 sa'ad da hukumomi suka tilasta wa Western Digital ya saki wani ɓangare na abin da ya mallaka.

Shaida ta biyu, birkice rumbun ka dubi allon wutarsa. Takarda kowa na iya bugawa ya manna, amma allo da wuya a sake shi. Sau da yawa sunan maƙeri na nan a rubuce cikin jan ƙarfen allon, ko bisa babbar ayisin da ke tsakiya. Kada dai ka ruɗe da sunayen da ke kan ƙananan ayisi, domin waɗannan na masu sayar da kayan haɗi ne, kamar yadda sunan mai zare ba ya zama sunan maɗinki. Abin da za ka amfana da shi a jikinsu shi ne kwanan wata. Yawancinsu na ɗauke da lamba huɗu, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. In ka ga 9431, mako na 31 ne na shekarar 1994. Ka duba uku ko huɗu, wadda ta fi kusa ita ke gaya maka cewa ba a harhaɗa allon kafin wannan lokaci ba. In takardar sama ta faɗi wata shekara da ta yi nisa da wannan, to akwai magana.

Ƙasar da aka rubuta ita ma tana taimakawa, ko da yake ba ta yanke hukunci ita kaɗai, don Singafo da Malesiya da Tailan kusan kowa ya yi masana'anta a can. Amma Hangari ta fi nuna IBM, Indiya tana nuna JTS, wani kamfani da ya haɗe da Atari a 1996 bai kuma daɗe ba, Sikotlan kuwa Rodime ko Conner. Akwai kuma wata lamba mai farawa da E kusa da tambarin UL, hukumar gwajin lafiyar kayan wuta ta Amurka. Wadda ke bisa takarda, in ka bincika ta a rajistarsu ta intanet, takan fito da sunan kamfanin da ya kai kayan gwaji. Wadda ke jikin allo kuwa galibi ta wanda ya buga allon ce, ba ta mai rumbu ba.

Shaida ta uku ita ce ka tambayi rumbun da kansa, in yana da sauran rai. Rumbun IDE yana da wuri mai haruffa 40 inda aka dasa sunansa, shi ne kwamfuta ke nunawa a farkon kunnawa. Manhajoji irin su CrystalDiskInfo da smartctl suna karanto wannan, har da lambar siriyal da lambar umarnin da aka dasa masa. Rumbunan SATA na baya-bayan nan suna da ƙarin wata doguwar lamba ta duniya, WWN, wadda farkonta ke nuna gida: 5000C5 Seagate, 50014EE Western Digital, 5000CCA Hitachi, 5000039 Toshiba. Amma fa rumbu ma ana koya masa abin da zai faɗa. Na SCSI da aka yi wa Compaq, in ka tambaye shi sai ya ce maka shi COMPAQ ne, alhali Seagate ko Fujitsu ko IBM ne ya yi shi. Apple ma yakan sa a dasa wa nasa wata alama, har manhajarsa ta tsara rumbu ta wancan zamani takan ƙi kula duk wanda ba shi da ita, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Su kuwa tsofaffin can na shekarun 1980, masu faffaɗan wayoyi biyu, irin ST-225, bebaye ne, ba su iya faɗin komai. Kai ne za ka gaya wa kwamfuta tsarinsu da hannu, shi ST-225 silinda 615 ne, kai 4, yanki 17. In ba ka san maƙeri da samfuri ba, ba ka da inda za ka samo waɗannan lambobi, in kuwa ka sa na wani, sai kwamfuta ta kasa karanta shi, ka zaci ya mutu alhali da ransa.

Wani zai ce, to in an bi duk wannan an gano maƙeri na gaskiya ke nan? A nan ne nake ganin masu gardamar wannan fanni ke ɓata wa kansu lokaci, domin tambayar ba ɗaya ba ce. Dubi Quantum. Injiniyoyinsa a Kalifoniya su ke zana rumbu, amma yawancin rumbunansa kamfanin Matsushita Kotobuki ne na Japan ke ƙera su, dangin masu Panasonic, a masana'antunsa na Japan da Singafo da Ayalan. To ProDrive da ka ciro daga Macintosh, da tambarin Apple a kansa, da rubutun Japan a gindinsa, na wane ne? Apple ya sayar, Quantum ya zana, Matsushita ya ƙera, kuma duk ukun gaskiya ne. A nawa ra'ayin, ga mai neman gyara, wanda ya zana shi ne abin nema, don shi ne ya yanke inda kowace kusa za ta zauna da irin yaren da allo zai yi da cikin rumbu. Mai tara kayan tarihi yana iya damuwa da masana'anta, wannan ruwansa.

Su kuwa rumbunan waje da ake soka wa kwamfuta da wayar USB, irin na Transcend da Buffalo da LaCie, kwanso kawai waɗannan kamfanoni ke yi. Abin da ke ciki na ɗaya daga cikin maƙeran nan ne da muka lissafa.

Kafin in koma ga saurayinmu, ga gargaɗi biyu da ba na gajiya da maimaitawa. Kada neman sanin asali ya sa ka kwance murfin ƙarfen sama. Allurar da ke karatu tana shawagi ne bisa faifai a tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, buɗewa ɗaya a ɗaki irin namu, balle da hunturu, ta isa ta kashe shi. Na biyu, musanyar allo ba a kowane rumbu take ci ba. A na farkon shekarun 1990 takan yi, muddin samfuri ɗaya ne kuma lambar allon ta dace. A na bayan 2000 kuwa, da yawansu suna da wata 'yar ayisi mai riƙe da ma'aunin wannan rumbu shi kaɗai, dole sai an cire ta daga tsohon allo an dasa a sabon. Wannan aikin gwani ne, ba na mai koyo ba.

Shi dai yaron nan na rubuta masa CFS420A a takarda, da lambar da ke jikin allon, na ce ya manta da sunan kwamfuta, wannan kaɗai zai nema. Ya yi mako uku yana yawo. Inda ya same shi kuwa, cikin wata kwamfuta ce ta wani kamfani dabam, wadda da can ko kallonta ba zai yi ba. Muka ɗaura allon, muka haɗa rumbun da wata tsohuwar kwamfuta da nake ajiye da ita don irin wannan rana, saboda yawancin wayoyin USB na yanzu ba su jin yaren rumbunan da suka tsufa haka. Ya yi ƙara, ya ɗan yi kakari, sa'an nan ya tashi. Ban bar shi ya buɗe ko fayil ɗaya ba sai da muka kwafe komai wuri biyu.

Lissafin bashi ya fito cif, har da sunan wani da iyalin ba su san ana bin sa ba. Maganar fili kuwa, wasiƙu biyu muka samu da marigayin ya rubuta wa wanda ya sayar masa, masu ɗauke da kwanan wata da adadin kuɗi, amma ba takardar ciniki ba ce mai sa hannu. Na gaya masa ya kai wa lauya ya ji ko za su yi amfani. Rumbuna ukun da ya yi asarar kuɗinsa a kansu ya bar mini su, suna nan cikin kwali.

Masu aiko da tambaya game da tsohon rumbu, don Allah a riƙa kwafo duk abin da ke bisa takardar harafi da harafi, da lambar jikin allo, da lambobi huɗun nan na ayisi biyu ko uku. Wasiƙu biyu na wannan wata sunan kwamfuta kawai suka ambata, shi ya sa ban amsa su ba, sai a sake aikowa.